Ciwon Ƙoda Mai Tsanani Daga Ƙwayoyin Cutar Da Ba A Saba Gani Ba: Tambayoyi Da Amsoshi

Na tattaro waɗannan tambayoyi ne daga bakin masu jinya da ke tsayawa a tagar ɗakin awo, inda nake aiki a Garwa, suna jiran sakamakon fitsarin wani nasu da ke kwance. Akasarinsu mutanen cikin gari ne, wasu daga Pitowa ko Gidar ko Lagdo, wasu kuma har daga Kusiri da tsallaken iyakar Cadi. Amsoshin ba za su tsaya a madadin ganin likita ba. Manufarsu ita ce mutum ya san abin da ya kamata ya gaya wa likita, da abin da ya kamata ya tambaye shi.

Mu dai ciwon sanyi muka sani. Mene ne kuma ciwon ƙoda na ƙwayoyin cuta?

Kalmar "sanyi" a bakinmu buhu ce da ake zuba komai a ciki: zafin fitsari, ƙaiƙayi, ciwon mara, fitar ruwa, har da cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa. Saboda haka sai a fara rarrabewa. Mutum yana da ƙoda biyu a bayansa, ƙarƙashin haƙarƙari, kowacce tsawonta santimita 10 zuwa 12, kuma daga kowacce bututu ya sauko zuwa mafitsara. Idan ƙwayar cuta ta tsaya a mafitsara, abin da ake ji shi ne raɗaɗi da yawan zuwa bayan gida, galibi ba tare da zazzaɓi ba. Idan kuwa ta bi bututun ta hau har ƙoda, to magana ta canja, sai zazzaɓi mai zafi da rawar ɗari, da ciwo a kwiɓi ɗaya wanda ke tsananta idan an ɗan bubbuga wurin, sau da yawa har da amai. Shi ne likita ke rubutawa *pyélonéphrite* a takardarsa. Abin da ya sa ake tsoronsa shi ne kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa ta ƙoda yake bi, don haka ƙwayar da ta samu wurin zama a ƙoda ta tsaya ne a bakin ƙofar jini.

Idan an ce ƙwayar cuta ba a saba ganinta ba, me ake nufi?

A cikin mutum goma da ciwon ya kama suna zaune lafiya a gida, kimanin takwas ƙwaya ɗaya ce ke da alhaki, wato *Escherichia coli*, wadda ke zaune a hanjin kowa, kuma ta samu sunanta ne daga likitan yara Bajamushe Theodor Escherich da ya bayyana ta a 1885. Bayanta akwai *Klebsiella* da *Proteus* da *Enterococcus*. Duk ɗakin awon da ke shuka fitsari, wato ya zuba shi a farantin awo ya ga ƙwayar da za ta tsiro, ya san waɗannan, domin cikin kwana ɗaya suke tsirowa a faranti.

Ciwon da wannan shafi ke magana a kai iri biyu ne. Na farko, ƙwayar ce kanta baƙuwa a hanyar fitsari, kamar ta tarin fuka, ko *Brucella* da ake ɗauka daga dabbobi, ko *Leptospira* ta fitsarin ɓera, ko *Salmonella*. Na biyu, ƙwayar sananniya ce, amma ta tarar da jiki mai rauni ko hanyar fitsari a toshe, sai ta yi ɓarnar da ba ta saba yi ba, ta tara mugunya, ko ta cika ƙoda da iska, ko ta cinye ta gaba ɗaya.

Ina da ja a kan wannan lakabi na "ba a saba gani ba". Yawancin littattafan da muka yi karatu da su a Turai aka rubuta su, inda ake dafa madara a masana'anta kuma ba a shiga fadama da ƙafa tsirara. A nan tsakanin Binuwai da Logon waɗannan ƙwayoyi maƙwabtanmu ne. Sau da yawa dalilin da ya sa ba mu ganinsu shi ne ba mu neme su ba, domin ɗakin awo abin da aka ce ya nema kawai yake nema.

Waɗanne alamu ne za su sa a tashi zuwa asibiti ko da tsakar dare ne?

Zazzaɓi da ciwon kwiɓi sun isa a ga likita a ranar. Amma idan amai ya hana magani zama a ciki, ko fitsari ya ragu har babba bai yi rabin lita ba a yini da dare, ko mara lafiya ya fara sambatu ko barci mai nauyi, ko numfashinsa ya yi sauri tafin hannunsa ya yi sanyi alhali jikinsa da zafi, to ba a jiran gari ya waye. Tsofaffi da masu ciwon suga wani lokaci ba sa yin zazzaɓi sam, sai dai a ga Baba ya daina cin abinci ya fara ruɗewa, a ɗauka tsufa ne. Akwai kuma ƙa'idar da likitoci ke bi wadda ya kamata kowane mai jinya ya riƙe: idan an yi kwana uku ana shan maganin da ya dace zazzaɓi bai sauka ba, sai a ɗauki hoton ƙoda, domin ko dai akwai mugunya a tare, ko hanya ta toshe, ko ƙwayar ba wadda ake zato ba ce.

An yi wa mahaifiyata maganin maleriya da taifot har sau biyu, jikin bai yi sauƙi ba. Wane awo ya kamata a yi?

Wannan ita ce tambayar da na fi ji. A wurinmu duk zazzaɓin da ya wuce kwana uku sunansa taifot, kuma awon Widal da ake dogara da shi yana iya nuna alama a jikin wanda ya taɓa yin ciwon shekarun baya, ko wanda wani ciwo daban ke damunsa. Haka kuma a lokacin damina mutum yana iya kasancewa da ƙwayar maleriya a jininsa alhali abin da ya kwantar da shi a ƙoda yake.

Awon da ake buƙata shi ne wanda ake rubutawa ECBU. Ana duba fitsari a madubin awo a ƙirga ƙwayoyin mugunya, sannan a shuka shi a faranti a ga abin da zai tsiro, daga nan a gwada wa abin da ya tsiro magunguna iri-iri a ga wanda ke kashe shi. Wannan mataki na ƙarshe shi ne *antibiogramme*, kuma duka aikin yana cin kwana biyu zuwa uku. Idan zazzaɓin ya yi tsanani akan haɗa da shukar jini, da awon kiriyatinin wanda ke nuna yadda ƙoda ke aiki, da awon suga, da hoton ekografi, wato hoton ciki irin wanda ake yi wa masu juna biyu. Ana yin ECBU a manyan asibitocin yankin da kuma reshen Cibiyar Pasteur da ke Garwa.

Sai dai sakamako ya dogara ne ga yadda aka kawo fitsarin. Wata rana da hantsi wani dattijo ya miƙo mini fitsarin matarsa a cikin robar lemo, an ɗaure bakin da leda. Tun asuba aka ɗiba, ya goyo shi a babur daga ƙauye cikin zafin watan Afrilu. Washegari farantin ya tsiro da ƙwayoyi iri uku sun hau kan juna, babu yadda za a gane mai laifi da ɗan rakiya, kuɗinsa ya tafi, kwana biyu kuma sun wuce. Na ce masa, "Baba, a yi haƙuri, sai an sake." Bai ce komai ba, ya dai daɗe yana kallon takardar. Yadda ake yi shi ne a karɓi kwalbar awo mai tsabta daga ɗakin awo, a wanke gaba da ruwa da sabulu, a bar farkon fitsarin ya zube, a tari na tsakiya, a kawo cikin sa'o'i biyu, ko a sa a firji idan za a jinkirta. Mafi muhimmanci, a ɗiba kafin a haɗiyi ƙwayar magani ta farko, domin kafso biyu da aka saya a bakin tasha sun isa su hana ƙwayar tsirowa ba tare da sun kashe ta a jiki ba.

Takardar ta nuna akwai mugunya a fitsari, amma an rubuta babu ƙwayar da ta tsiro. Ashe ke nan lafiya lau?

A'a, kuma a nan ne ake yawan sakin hanya. Mugunya shaida ce cewa jiki yana faɗa da wani abu. Idan farantin ya fito fari fat, dalilin da ya fi yawa shi ne an riga an sha magani. Idan ba a sha ba, ko an maimaita awon sau biyu sau uku ana samun haka, to wajibi ne a yi tunanin tarin fuka na ƙoda.

Mutane suna mamaki idan aka ambaci tarin fuka ga wanda ba ya tari. Ƙwayar, wadda Robert Koch ya gano a 1882, tana shiga ta huhu, ta bi jini ta sauka a ƙoda, ta kwanta shiru shekara biyar, goma, har ashirin, sai ranar da jiki ya yi rauni saboda tsufa ko ciwon suga ko cutar ƙanjamau. Idan ta farka a hankali take ɓarna. Tana ƙwaƙule cikin ƙoda, ta bar tabo a bututu har ya tsuke, ta ƙanƙance mafitsara har mutum ya riƙa fita fitsari sau goma a dare. A maza takan sauka ta kumbura maraina. Ba ta tsirowa a farantin ECBU ko da an bar shi wata guda, sai an nemi awonta na musamman, da fitsarin farko na asuba, kwana uku a jere. Shukarta kan kai mako shida zuwa takwas, amma na'urar GeneXpert da cibiyoyin tarin fuka ke amfani da ita tana ba da amsa cikin kimanin sa'o'i biyu, ko da yake rashin ganin ƙwayar a awo ɗaya bai wanke mutum ba.

Akwai tarko ɗaya da ya kamata a sani. Siprofuloksasin da danginsa, waɗanda aka fi bayarwa don ciwon fitsari, suna ɗan taɓa ƙwayar tarin fuka, sai mara lafiya ya ji sauƙi mako biyu, ciwon ya dawo, a sake ba shi, a haka shekara ta wuce ƙodar tana mutuwa. Maganin gaskiya wata shida ne, magunguna huɗu a wata biyun farko, biyu a sauran wata huɗun, kuma kyauta ake ba da su a cibiyoyin tarin fuka na Kamaru. Ɗaya daga cikinsu, rifamfisin, yana mai da fitsari ja kamar manja, kada a tsorata a ce jini ne a daina sha.

Wata ƙwayar da ke ɓuya haka ita ce *Corynebacterium urealyticum*, wadda ta fi kama waɗanda suka daɗe da robar fitsari ko aka yi musu aiki a hanyar fitsari. Tana jinkirin tsirowa, don haka idan aka zubar da faranti bayan kwana ɗaya ba za a gan ta ba, idan ma an gan ta akan ɗauka dattin fata ne. Alamarta fitsari mai wari mai hawa kai, da ɓarɓashi kamar tsakuwar shinkafa.

Da gaske nono da kindirmo suna iya kawo ciwon ƙoda?

Wanda ba a tafasa madararsa ba yana iyawa. *Brucella*, wadda likitan sojan Birtaniya David Bruce ya gano a tsibirin Malta a 1887, tana zaune a jikin shanu da awaki da tumaki da raƙuma, tana fita a madara, tana kuma da yawa a mahaifa da ruwan haihuwar dabba. Ƙoda ba ita ce wurin da ta fi kamawa ba, ta fi son gaɓoɓi da ƙashin baya da maraina, amma takan kai ƙoda, kuma idan ta kai tana kama da tarin fuka sosai.

Na tuna wani saurayi makiyayi da aka turo mana sau uku a cikin wata biyu. Zazzaɓinsa da yamma yake zuwa, da dare gumi ya jiƙa tabarma, da safe ya tashi garau ya bi garke. Fitsari da mugunya, faranti babu komai. A zuwa na uku ne likita ya tambaye shi lafiyar dabbobinsa, sai kawunsa da ya rako shi ya ce ai bana awaki huɗu sun yi ɓari, kuma yaron ne ke ciro musu mahaifa da hannu. Wannan jimla ɗaya ta fi duk takardun da ke hannunsu amfani. Awon jini ya tabbatar, aka sa shi a magunguna biyu na mako shida, domin magani ɗaya ko gajeren lokaci ba ya raba mutum da *Brucella*.

Ta madara kuma ake ɗaukar tarin fukan shanu, *Mycobacterium bovis*, wanda ya fi yawan kama sassan jiki da ba huhu ba. Tsamin nono ba ya ba da tabbacin kashe waɗannan ƙwayoyi. Tafasa madara kafin a zuba mata tsami shi ke kashe su, kuma mai sayen nono a kasuwa yana da damar tambayar mai tallan ko an dafa.

Muna noman shinkafa a Yagwa, kuma ambaliya ta shiga gidanmu a 2024. Akwai abin da ya shafe mu musamman?

Akwai abu biyu. Na farko *Leptospira*, wadda ɓeraye da karnuka da shanu ke zubarwa a fitsari, ta rayu makonni a ruwa kwance da taɓo, ta shiga ta tsagar ƙafa ko kaushi ko ido. Bayan mako ɗaya zuwa biyu sai zazzaɓi da ciwon kai, da ciwon sha-raɓa mai tsanani, idanu su yi ja ba tare da kwantsa ba. Yawancin mutane suna warkewa, amma a wasu sai ciwon shawara ya bayyana, fitsari ya ɗauke, jini ya riƙa fita, wato nau'in da likita Adolf Weil ya bayyana a 1886. Ita ma ba ta fita a ECBU, ta jini ake nemanta, kuma da yake magungunanta masu sauƙin samu ne, irin su doksisaikilin da penisilin da seftiriyakson, likita kan fara magani bisa zato idan aka gaya masa cewa mutum ya kwana biyu yana kwashe kaya a cikin ruwa.

Na biyu tsargiya. Ita tsutsa ce, Theodor Bilharz ya gano ta a Alƙahira a 1851, kuma kowa a gefen madatsar Maga da ta Lagdo ya san yaro mai fitsarin jini. Ƙwayayenta suna barin tabo a mafitsara da bakin bututu, fitsari ya kasa sauka sosai, ƙoda ta kumbura, ruwan da ba ya gudu kuwa shi ƙwayoyin cuta ke so. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne *Salmonella*, dangin mai kawo taifot, tana maƙalewa a jikin tsutsar ta fake, sai a yi ta ba mutum magani tana ɓacewa tana dawowa a fitsarinsa da jininsa. Ba a rabuwa da ita sai an kashe tsutsar da pirazikwantel. Don haka duk wanda aka samu *Salmonella* a fitsarinsa a yankinmu, a duba masa ƙwan tsargiya.

Likita ya ce akwai iska a cikin ƙodar yayata. Ta ina iska ta shiga?

Ba daga waje ta shiga ba, a ciki aka yi ta. Kamar yadda ƙullu ke kwana ya tashi ya yi kumfa, haka *E. coli* ko *Klebsiella* ke cin sugan da ya yi yawa a naman ƙoda su fitar da iska, naman kuma yana ruɓewa saboda jini ba ya isarsa sosai. Sunansa a takarda *pyélonéphrite emphysémateuse*. Kimanin tara cikin goma na masu shi suna da ciwon suga, mata sun fi yawa, kuma ba abin mamaki ba ne a ce ranar ce aka fara sanin mutum yana da sugan. Ekografi na iya ba da alama, amma sikana, babbar na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, ce ke nuna iyakar ɓarnar, ga shi ba kowane gari ke da ita ba, shi ya sa ake tura mara lafiya babban asibiti.

Wannan ciwo yana kisa cikin kwanaki idan aka yi sanyin jiki. Maganinsa haɗe yake: ƙarin ruwa, insulin, allurai masu ƙarfi ta jijiya, sannan a buɗe wa mugunya da iska hanya, ko dai da siririyar roba ta fatar baya, ko da wadda ake zurawa ta mafitsara da ake kira *sonde JJ*. A da cire ƙodar ake yi kai tsaye, yanzu akan fara da zuƙewa, sai abin ya gagara a cire. Idan likita ya nemi sa hannu don yin aiki, jiran a kira taron dangi daga Marwa da Gaundare yana iya cin kwanan da babu shi.

Maruru a fata yana iya zama sanadin ciwon ƙoda?

Yana iyawa. *Staphylococcus aureus* ta maruru ko ta wurin allurar da ya ruɓe takan shiga jini ta tara mugunya a cikin ƙoda ko a kewayenta, wani lokaci makonni bayan marurun ya warke an manta da shi. Da yake ba ta hanyar fitsari ta zo ba, fitsarin yana iya fita tsaf a awo, hoto ne kaɗai ke tona ta.

An ce ƙodar mahaifinmu ta mutu saboda tsakuwa, za a cire. Ba za a iya wanke ta da magani ba?

*Proteus* da wasu 'yan'uwanta suna farfasa sinadarin yuriya da ke cikin fitsari, fitsarin ya rasa tsaminsa, gishirin da ke narke a ciki ya daskare ya zama tsakuwa. Tsakuwar tana girma tana bin lungunan ƙoda har ta yi rassa kamar ɗanyar citta, ƙwayoyin kuma suna zaune a cikinta inda magani ba ya kaiwa. Shan magani ba tare da cire tsakuwar ba kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Idan aka yi shekaru a haka, a wasu mutane naman ƙodar yakan rikiɗe ya zama wani abu rawaya mai maiƙo, ya manne da abin da ke kewaye da shi. Mara lafiya yana ramewa, jininsa yana raguwa, zazzaɓi yana zuwa yana tafiya, a hoto kuma abin yana kama da ciwon daji har sai an yanka an duba a madubi ake bambancewa. Wannan ƙoda ba ta aiki, ta zama rumbun mugunya, cire ta shi ne magani. Galibi ɗaya ce ke kamuwa, kuma idan ɗayar lafiyayya ce takan ƙara girma ta ɗauki kimanin kashi 70 cikin 100 na aikin biyun, wanda ya ishi mutum noma da kasuwa da tsufa.

Me ya sa maganin da ya warkar da maƙwabciyata bai yi mini aiki ba?

Wataƙila ƙwayarku ba ɗaya ba ce, wataƙila kuma ɗaya ce amma taki ta riga ta koyi kare kanta. A farantanmu yanzu ba baƙon abu ba ne a ga *E. coli* da amoksisilin da kotirimokzazol ba sa taɓa ta, wasu ma har seftiriyakson suna narkar da shi, sai a koma ga irin su imipenem, masu tsada da wuyar samu. Kowane kafso da aka sha kwana biyu aka ajiye horo ne aka ba ƙwayar.

Akwai kuma magani mai kyau a wurin da bai dace ba. Nitirofurantoyin yana aiki a mafitsara amma ba ya taruwa a naman ƙoda, don haka ba ya maganin ciwon da ya hau sama. Jentamaisin da ake yi wa mutane a ɗakunan allura na unguwa yana kashe ƙwayoyi, amma shi kansa yana cin ƙoda da jin kunne idan ba a auna kiriyatinin ba. Mafi yawan ɓarnar da nake gani kuwa daga dikilofenak da ibufurofen take, waɗanda ake sha don ciwon kwiɓin, alhali suna rage jinin da ke shiga ƙodar da ke fama, musamman ga wanda amai da zafin bazara suka busar. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Parasitamol ya fi aminci kafin a isa wurin likita.

Jiƙon kanwa da saiwoyi fa?

Kanwa gishiri ce mai nauyi ga ƙodar da ta gaza, tana kuma rage tsamin fitsari, wanda shi ne yanayin da tsakuwar *Proteus* ke girma a ciki. Saiwoyin da ba a san adadinsu ba ƙoda ce ke tace su. Wanda ya riga ya sha, ya gaya wa likita abin da ya sha da yawansa, ba don a yi masa faɗa ba, don a san abin da za a auna.

Ana ɗaukar wannan ciwo tsakanin miji da mata?

Ciwon ƙoda na *E. coli* da danginta daga hanjin mai shi yake tasowa, ba a ɗaukarsa a kwano ko shimfiɗa, kuma ba hujja ba ce ta zargin kowa. Idan tarin fuka ne, sai a duba huhun mara lafiya da mutanen gidan. Idan *Brucella* ce, duk wanda ya sha daga ƙwarya ɗaya kuma yake zazzaɓi a auna shi.

Mai juna biyu da mai sikila, me ya bambanta su da sauran mutane?

Ciki yana sassauta bututun fitsari yana kuma danne shi, musamman na dama, shi ya sa ƙwayar da ke zaune shiru a mafitsara ke saurin hawa. Wannan ne dalilin da ake awon fitsari a awon ciki ko mace ba ta jin komai, kuma idan an samu ƙwaya ake magani. Ciwon ƙoda ga mai ciki yana iya tayar da naƙuda kafin lokaci, don haka kwanciya asibiti ake yi, kuma siprofuloksasin da doksisaikilin ba nata ba ne. Mai sikila kuwa jininsa yana toshe ƙananan jijiyoyin tsakiyar ƙoda, wani yanki ya mutu ya ɓalle ya toshe bututu, ga shi *Salmonella* ta fi samun galaba a kansa fiye da kowa. Zazzaɓinsa ba na jira ba ne.

Idan aka fara wankin ƙoda, shi ke nan har abada?

Ba dole ba ne. Ƙodar da ta tsaya farat ɗaya saboda ƙwayoyin cuta sun shiga jini, ko saboda *Leptospira*, ko saboda toshewar da aka samu aka buɗe, sau da yawa takan farfaɗo cikin makonni, wankin kuma riƙon ƙwarya ne kafin ta dawo. Wanda ke zama na dindindin shi ne idan duka biyun sun daɗe suna lalacewa ba a sani ba. Akwai cibiyoyin wankin ƙoda a Garwa da Marwa, kuma tun da aka ƙaddamar da kashin farko na shirin kiwon lafiya ga kowa a Afrilun 2023, kuɗin wankin a asibitocin gwamnatin Kamaru ya koma sefa 15,000 a shekara, maimakon 5,000 a kowane zama. Wannan bai ɗauke kuɗin mota da masauki da wasu magunguna ba, waɗanda su ne ke karya wanda ya taso daga nesa.

An sallame mu. Me ya rage?

A ƙarasa maganin har ƙwayar ƙarshe ko da jiki ya yi garau, a koma ranar da aka ce a koma, a sake auna kiriyatinin da hawan jini. Idan an sa *sonde JJ*, a rubuta ranar da aka sa da ranar cirewa a bangon littafin asibiti, domin ba a ganinta daga waje, ana mantawa da ita, kuma wadda ta wuce lokacinta tsakuwa take tarawa ta dawo da ciwon da aka sa ta dominsa. Mai ciwon suga ya riƙe awonsa. A sha ruwa har fitsari ya yi haske, sai fa wanda likita ya ƙayyade masa. Game da azumi, wanda bai daɗe da tashi ba ko aka bar shi da ƙoda ɗaya mai rauni ya tambayi likitansa kafin watan ya kama, musamman idan ya faɗo a Maris ko Afrilu da zafi ke haura digiri 40, shari'a kuwa ta yi wa mara lafiya rangwame ya rama daga baya. A kuma adana takardar *antibiogramme* a cikin leda tare da littafin asibiti, domin idan zazzaɓi ya dawo a Tubaro ko a Injamena, likitan da bai taɓa ganin mara lafiyan ba da ita zai fara zaɓen allura kafin sabon faranti ya tsiro.